Daga Bibemi Ana Iya Tura Aiki Ko'ina, Amma ta Ina Kuɗin Zai Dawo?

Idan aka cire shafukan batsa, waɗanda kasuwarsu daban ce, alƙaluman intanet suna nuna rata mai faɗi tsakanin shafukan da masu rubuta manhaja ke aiki da su da kuma waɗanda aka gina domin marubuci ko mawaƙi ko ɗan barkwanci ya karɓi kuɗin aikinsa. GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu suna haɗa hannu a kai, ya sanar a watan Janairun 2023 cewa masu asusu a cikinsa sun kai miliyan 100. Patreon kuwa, wanda ya fi suna a cikin masu tara wa ɗan fasaha kuɗin wata-wata daga masoyansa, ya ce a 2021 masu karɓar kuɗi ta hannunsa sun haura dubu 200, masu biya kuma wajen miliyan 7 ne. Mai gaggawa zai ce ai magana ta ƙare: mutane na son kyauta, ba sa son sa hannu a aljihu. Ni ban ga haka ba. A ganina babban abin da waɗannan alƙaluma ke aunawa shi ne wanda aka bari ya shiga da wanda aka tsayar a ƙofa, kuma ba a ganin wannan sosai daga San Francisco ko Legas kamar yadda ake ganinsa daga gari irin Bibemi.

Bibemi ƙaramar hukuma ce a yankin Binuwai na jihar Arewa ta Kamaru, gabas da Garwa, wajen iyakar Chadi. Ƙasar noman auduga ce da dawa da kiwo, kuma a cikinta kasuwar shanu ta Adumri take, wadda fatake ke zuwa daga nesa. Matashin da ya tashi a nan, ya samu wayar Android da 'yar data, abin da ake nema a wurinsa kafin ya buɗe asusu a GitHub bai wuce adireshin imel ba. Ba a tambayarsa fasfo, ba a tambayarsa banki. Git, tsarin da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 domin adana sauye-sauyen da ake yi wa manhaja, kyauta ne. VS Code, allon rubutun manhaja da Microsoft ya fitar a 2015, kyauta ne. Tun watan Janairun 2019 har ma'ajiyar sirri, wadda da sai an biya, GitHub ya sake ta ga kowa. Wanda ya yi boko da Faransanci zai koyi aikin a OpenClassrooms, mai jin Turanci ya bi freeCodeCamp, in ya maƙale ya duba ko wani ya taɓa yin irin tambayarsa a Stack Overflow. Kayan aikin da injiniyan Berlin ke riƙe da su, su ne dai a hannun ɗalibin jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, ko ta Marwa, ko ta Ngaundere. Bambancinsu na wuta ne da ƙarfin sabis da kwamfuta, ba na izini ba.

Wannan kyauta ba sadaka ba ce, kuma ya kamata a faɗi haka. Microsoft ya sayi GitHub a 2018 a kan dala biliyan 7.5, kuma ba wanda ke zuba irin wannan dukiya don neman lada. Lissafin shi ne, ƙarin mutum ɗaya a shafin ba ya ci wa kamfanin komai sai ɗan wurin ajiya, amma yaron da ya saba da kayanka yana ɗalibi, ranar da ya zama ma'aikaci zai sa kamfaninsu ya sayi na kuɗin. Aikin da miliyoyin mutane suka zuba a fili kuma shi ne abin da aka horar da Copilot da shi, mataimakin rubutun manhaja da aka fara sayarwa a 2022. Saboda haka duk ƙofar da aka buɗe riba ce, ko a Bangalore ko a Bibemi. Shi ya sa rahoton GitHub na 2023 ya yi ta murna da cewa masu asusu a Najeriya sun haura dubu 800, suna kuma ƙaruwa da sauri fiye da na yawancin ƙasashe.

Yanzu a juya ga ɗan'uwan wannan matashi, wanda shi baiwarsa ta barkwanci ce ko waƙa ko wa'azi, yana ɗora bidiyo da Hausa da Fulatanci, dubban mutane na kallo. Tsarin raba kuɗin talla na YouTube yana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara, sa'annan ya ba mai bidiyo kashi 55 cikin ɗari. Amma kafin duk wannan akwai sharaɗin da ba a cika ambatarsa ba: sai ƙasarka tana cikin jerin ƙasashen da tsarin ke aiki. Najeriya da Ghana da Senegal suna ciki. Kamaru ta shafe shekaru tana waje. Wannan ne ya sa masu shirya Izzar So da Labarina a Kano suka iya mai da YouTube gidan kallo mai kawo kuɗi, alhali na Garwa, mai magana da harshe ɗaya da su, sai dai ya ƙirga masu kallo. Asusun biyan masu bidiyo da TikTok ya ƙaddamar a 2020 bai haɗa da ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba. Facebook sai a 2024 ya buɗe wa 'yan Najeriya da Ghana hanyar samun kuɗin talla. Substack, mai ɗaukar kashi 10 daga kuɗin da masu karatu ke biyan marubuci, yana biya ne ta hanyar Stripe, shi kuwa Stripe ƙasashe 'yan arba'in da wani abu yake aiki kai tsaye, babu Kamaru a ciki. PayPal ya shigo Kamaru da Najeriya a watan Yunin 2014, amma da sharaɗin ka biya, ba ka karɓa ba. In da a ce kasuwar Adumri ce, to an ce kowa ya shigo da sansa, dillalai su taya, a yi ciniki, amma kuɗin sai mai takardar zama ɗan wani gari ne zai fita da shi.

Ko wanda ya tsallake wannan shinge akwai ƙananan ƙayoyi a gabansa. Google, mai YouTube, ba ya sakin kuɗin talla sai sun taru sun kai dala 100, kuma kafin nan sai ya aiko da lambar tantancewa a takarda, ta gidan waya, zuwa adireshin da mutum ya rubuta. A unguwar da gidaje ba su da lamba, tituna ba su da suna, ana kwatancen gida da masallaci ko bishiyar da ke ƙofarsa, wannan takarda sai dai a nema mata akwatin gidan waya na wani a Garwa, a zauna jira. Wanda ya tsara wannan mataki bai yi shi da mugunta ba. Bai dai taɓa tunanin akwai mai masu kallo miliyan guda da ba shi da adireshi ba.

Me ya sa ƙofar kuɗi ta ƙi buɗuwa kamar ta aiki? Domin rubutun manhaja na ƙetare iyaka ba tare da wani ya sa hannu ba, kuɗi kuwa kowace ƙasa na da mai gadinsa. Kamfanin da zai biya mutum a Kamaru sai ya samu bankin da zai yi hulɗa da shi, ya bi dokokin BEAC, babban bankin ƙasashe shida na tsakiyar Afirka, da na COBAC mai sa ido a kan bankuna, ya kuma iya tabbatar da ko wane ne mai karɓar kuɗin. A watan Disambar 2018 yankin ya fitar da sababbin dokoki a kan canjin kuɗin waje da kuma harkar biyan kuɗi, waɗanda suka tsananta bin diddigin abin da ke shiga da fita. A watan Yunin 2023 kuma hukumar FATF, mai yaƙi da halatta kuɗin haram, ta sa Kamaru cikin jerin ƙasashen da ake ƙara sa wa ido. Kowanne daga cikin waɗannan yana nufin ƙarin lauyoyi da ƙarin ma'aikata ga kamfanin waje, a kasuwar da masu talla ke biyan kuɗi kaɗan a kan kowane mai kallo. Mai kare kamfanonin zai ce ai suna da hujja, musamman a yankin da ake fama da Boko Haram a can ƙuryar arewa da masu satar mutane don kuɗin fansa a dazukan Mayo-Rey da kewaye. Hujjar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai kamfanonin waya biyu, MTN da Orange, suna aiki ƙarƙashin waɗannan dokoki, a wannan yanki, suna tantance mutane da katin ɗan ƙasa, suna kuma juya kuɗin miliyoyin jama'a kullum. Abin da ya yiwu gare su bai gagari Stripe ba. Ribar ce ba ta kai ta ja hankalinsa ba. Da ya ga ribar a Najeriya, ai sayen kamfanin biyan kuɗi na Paystack ya yi ɗungurungum a 2020.

A nan ne zancen "mutanenmu ba sa biyan ɗan fasaha" yake rushewa. Al'ummar da ta riƙe Narambaɗa a fadar Isa, ta riƙe Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos har ƙarshen rayuwarsu, wadda har gobe ba a tashi daga biki sai an yi wa makaɗi liƙi, ba za a koya mata ciyar da mai fasaha ba. Abin da Jack Conte ya gina da ya kafa Patreon a 2013, wato mai waƙa ya rayu da kyautar masoyansa maimakon jiran ɗan kasuwa, shi ne tsarin da maroƙi da ubangidansa suka daɗe a kai. Kuma al'adar ta bi mutane cikin waya. Marubutan littattafan Hausa, yawancinsu mata, sun daɗe da gano hanyarsu: a saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, in labari ya kama mai karatu a ce ci gaban na kuɗi ne, ga lambar asusu, a turo shaidar biya a sa mutum cikin rukuni. A gefen Kamaru lambar waya ce asusun. MTN ya fara Mobile Money a ƙasar a 2010, Orange Money ya biyo baya a 2011, kuma yau mai son ya yi wa mawaƙi alheri sai ya danna *126# ko #150# a ƙaramar wayar da ko intanet ba ta da shi, ya sa lamba, ya sa jaka ɗaya ko biyu, ya sa lambar sirri. Mawaƙin ya taka zuwa rumfar mai lema a bakin kasuwa, a ƙirgo masa takardun sefa a hannu. Wannan ciniki ba ya bi ta wani shafi, saboda haka duk mai jera shafuka bisa yawan masu ziyara ba zai taɓa ganinsa ba. A arewacin Kamaru hanyar biyan ɗan fasaha da ta fi kowace farin jini ba ta cikin jerin ma sam. Gwamnati dai ta gan ta: tun watan Janairun 2022 take cire harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirewa.

To in haka ne, wani zai ce, ina matsalar? A bar Patreon da mutanensa, mu riƙe namu. Matsalar ita ce kuɗin waya yana tsayawa inda iyakar ƙasa ta tsaya, masu jin Hausa kuwa ba su tsaya a nan ba. Mai barkwancin Garwa, in ya duba inda masu kallonsa suke, zai tarar da Yola da Mubi da Kano, da Maraɗi da Damagaram, da zangon Kumasi, da masu aikatau a Jidda. Naira ke nan, da sefar yammacin Afirka, da sidi, da riyal. Ko sefar Nijar, duk da darajarta ɗaya da ta Kamaru, 655.957 a kan kowane yuro, kuɗin wani babban banki ne daban, kuma tun 1993 aka daina musayar takardun yankunan biyu kai tsaye. Tsarin GIMAC ya haɗa asusun waya da na banki a cikin ƙasashen tsakiyar Afirka shida, wannan ci gaba ne, amma ya fi amfanar mai masoya a Njamena da Libreville a kan mai masoya a Kano. Mafi yawan kasuwar ɗan fasahar Hausa na Kamaru tana hayin iyaka ta yamma, inda kuma naira ta faɗi warwas bayan an sake ta a watan Yunin 2023, har abin da masoyi zai iya turowa ya ƙanƙance in an mai da shi sefa. Abin da manyan shafukan nan ke sayarwa a zahiri shi ne tattaro ƙananan kuɗi daga ƙasashe da yawa zuwa aljihu guda, kuma wannan ne ainihin abin da ɗan Bibemi ya rasa.

Akwai ƙorafi mafi ƙarfi, wanda ke cewa duk wannan surutun 'yan birni ne, yunwa da duhu su ne matsalar arewa. Ƙididdigar gidaje ta 2014 ta nuna kusan kashi 68 cikin ɗari na mutanen jihar Arewa suna cikin talauci, alhali na ƙasar baki ɗaya kashi 37.5 ne. Wutar jihohin arewa uku ta daɗe tana rataye a wuyan madatsar Lagdo, mai megawat 72, da aka gama a 1982, kuma shekarar da ruwa ya ja baya, kamar 2021, sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa sun rage zafin abin, ba su kawar da shi ba. Duk gaskiya ne. Amma talaucin nan bai hana kayan aikin manhaja shigowa ba, bai kuma hana kuɗin waya yaɗuwa har ƙauye ba. In da talauci ne kaɗai ke yanke hukunci, da duka ukun sun tsaya a Duwala da Yawunde. Biyu sun iso, ɗaya ya ƙi, kuma wanda ya ƙi ɗin shi ne mai shigo da kuɗi daga waje. A yankin da ke da talauci irin wannan, toshe hanyar da dala 50 za ta shigo wa matashi a wata ya fi ciwo, ba ya fi sauƙi ba.

Su kuma masu cewa ai akwai dabaru, gaskiya ne akwai. Wani ya yi rajistar tasharsa da adireshin ɗan'uwa a Faransa ko aboki a Yola, wani ya nemi kamfanin biyan kuɗi na Payoneer, wani ya koma kuɗin kirifto, wani ya miƙa tashar ga dillalin da zai karɓa ya cire nasa. Kowace dabara tana da farashi, kuma mafi tsadarsa ba kason da ake cirewa ba ne. Tashar da aka yi wa rajista da sunan wani, a idon kamfani ta wancan ce. Ranar da zumunci ya yi tsami, ko kamfanin ya gano adireshin aro ne ya rufe asusun, mai aikin ba shi da inda zai kai ƙara. Sa'annan dabarar tana ɓata alƙaluman da ake kafa hujja da su: ɗan Kamarun da ke karɓa ta Paris, Bafaranshe ne a littafin kamfani. Kamfanin ya duba ya ce babu kasuwa a Kamaru, ya ƙi buɗewa, mutane su ƙara bin ta bayan gida.

Ba kuma zan ce ɓangaren kayan aiki aljanna ba ne. A 2019 GitHub ya taƙaita asusun mutanen Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka, bai samu izinin sake buɗe wa Iraniyawa ba sai a Janairun 2021. A cikin gida ma, gwamnatin Kamaru ta yanke intanet a jihohi biyu masu magana da Turanci daga Janairu zuwa Afrilun 2017, abin da ya durƙusar da matasan manhaja na Buea. Nji Collins, ɗan Bamenda da ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar Google Code-in, sai da ya koma Yawunde kafin ya ci gaba da aiki. Farin jinin kansa ba shi da tabbas: Stack Overflow, da aka saya a kan dala biliyan 1.8 a 2021, ya ga masu tambaya sun watse bayan fitowar ChatGPT, har ya sallami sama da rubu'in ma'aikatansa a 2023. Abin lura kuma, ranar da GitHub ya so a riƙa tallafa wa masu rubuta manhaja da kuɗi, ya ƙaddamar da GitHub Sponsors a 2019, shi ma ya fito da jerin ƙasashen da aka yarda da su. Kamfani ɗaya, mutane ɗaya, shafi ɗaya; kuɗi na shigowa zancen, iyaka ta dawo.

Inda nake ganin za a samu sauƙi shi ne wurin da ɓangarorin biyu suka haɗu, wato masu riƙe da kayan aikin kyauta su gina hanyar biyan da aka hana 'yan'uwansu. An fara. Selar, da Douglas Kendyson ya kafa a Najeriya a 2016, yana ba mai littafi ko darasi damar sayarwa da kuɗaɗen ƙasashen Afirka da dama. A Kamaru akwai irin su CamPay da Monetbil, masu ba shafi damar karɓar kuɗin MTN da Orange. Hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, OkadaBooks da marubutan Hausa da yawa suka dogara da shi ya rufe a 2023 bayan shekara goma. Kuma akwai abin da mai rubuta manhaja ba zai iya shi kaɗai ba: musayar naira da sefa aikin manyan bankuna ne, kuma PAPSS, tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka da aka ƙaddamar a Accra a Janairun 2022, ya fara ne da ƙasashen yammacin Afirka shida da ba sa amfani da sefa. Amma akwai guntun aikin da ke hannun matasa. Katin banki yana barin a cire wa mutum kuɗin wata ba sai an tuna masa ba, kuɗin waya kuwa yawanci sai mai shi ya sa lambar sirri a kowane biya. Shi ya sa marubuciya ke kwana tana duba hotunan shaidar biya ɗaya bayan ɗaya, tana cire wanda watansa ya ƙare, tana jayayya da mai turo shaidar jabu. Manhajar da za ta tura wa mai karatu tuni ranar da watansa ya cika, ta tabbatar da biyan daga kamfanin waya, ta buɗe masa babi na gaba da kanta, da Hausa da Fulatanci da Faransanci, ba ta fi ƙarfin ɗaliban shekarar ƙarshe a Garwa ko Ngaundere ba. Abin da za su nema daga waje shi ne yarjejeniya da kamfanonin waya biyu da kuma inuwar wani mai lasisin biyan kuɗi da COBAC ta amince da shi.